Lamzira Mai Tanderu da Dillaliyar Cikin Haya

Duk wanda ya taɓa cin gurasa a kasuwar Chiatura ya san Lamzira. Tanderunta ne na ƙarshen layi, jikin rumfar da nake sayar da cuku, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na tsince shi ba. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa. Hannayenta tun daga yatsu har gwiwa babu gashi ko ɗaya, wuta ta lashe. In ta sunkuya cikin tanderu za ta manna ƙullu, ƙafafunta kawai ake gani suna lilo a sama. Mu yi ta dariya, ita kuwa ta ɗago da fuska jawur ta ce, "Ku yi ta yi, da gurasar nan zan toshe muku baki."

Mijinta Guram ramin haƙar ma'adini ne ya ci shi, kamar maza da yawa a garin nan. Ba rufta masa ya yi ba, ƙurar ce ta cika masa huhu, ya yi ta tari har ya tafi. Ya bar mata 'ya ɗaya, Shorena, da gida mai yoyo a kan tudu.

Bayan gurasa, an san ta da kukan makoki. In aka yi rashi, aka shimfiɗe mamaci a tsakar ɗaki, mata suka zagaye shi, Lamzira ake jira. Ita za ta buɗe murya ta kira shi da sunansa, ta tuna masa waɗanda ya bari, ta ba shi saƙo zuwa ga waɗanda suka riga shi, har mazan da ke tsaye a waje su juya baya suna goge ido. Ba ta taɓa karɓar komai a kan wannan ba.

Shorena ta taso doguwa, mai yawan dariya, ba ta ɗauko uwar a komai ba sai taurin kai. Ta auri Temur, shi ma ɗan rami, suka haifi yarinya. Suna cikin rufin asirinsu dutse ya zubo wa Temur a baya. Aka fito da shi da rai, amma tsayuwa ta gagare shi. Masu ramin suka ɗan ba da abin da suka bayar, daga nan suka daina ɗaukar waya. Likita ya ce sai an yi masa aiki a Tbilisi, babban birnin ƙasarmu. Shorena ta shiga wankin benaye da gugar gidajen mutane, abin da take samu ko maganin ciwo ba ya isa.

A nan Tsisana ta shigo. Ƙawar Lamzira ce tun suna 'yan mata, kuma ita ta riƙe Shorena a coci ranar baftisma, zumuncin da a wajenmu ya fi na jini nauyi. Da tana sayar da magani a wani ɗan kanti. Sai ta ɓace zuwa Tbilisi, ta dawo da rigar sanyi mai gashi da haƙorin gaba sabo, da kuma sana'a: tana nemo wa wani kamfani matan da za su ɗauki ciki saboda baƙi 'yan ƙasashen waje da ba sa haihuwa. Cikin haya muke ce masa. Duk macen da ta kai, tana da kasonta.

Ina zaune ta zo bakin tanderu, ta ɗauki gurasa mai zafi ta gutsura ba tare da ta tambaya ba.

"Lamzira ƙawata, har yaushe yarinyar nan za ta yi ta durƙuso a benen mutane? Wata tara ne fa kawai. Ba jininta ba ne, ba na Temur ba, likita ne zai dasa. Ajiya ce aka ba ta. Mutanen nan suna da komai ban da haihuwa, ita tana da haihuwa ba ta da komai. Ina laifi a ciki?"

Lamzira ta ce, "Laifin shi ne 'yata ba tanderu ba ce da kowa zai kawo ƙullunsa ya gasa ya tafi."

"To ki ci gaba da alfahari. Temur kuma ya ci gaba da fitsari a roba."

Tsisana ba ta sake tuntuɓar uwar ba, wajen 'yar ta koma. Da Lamzira ta ji labari ta je ta sami Shorena da faɗa, ita kuwa ta dube ta ta ce, "Mama, ke za ki biya aikin bayansa? Da gurasa?" Lamzira ta juya ta fito. Ta dawo rumfa ta wuni tana manna ƙullu.

Cikin farko ya zo da sauƙi. Da ya tsufa aka tafi da ita Tbilisi, aka ajiye ta a wani gida tare da wasu mata irinta, ana auna musu abinci, ana hana su fita. Aiki aka yi mata aka ciro yaron, kafin ta farfaɗo an wuce da shi. Ta dawo gida nono yana jiƙa mata riga, ta riƙa ɗaure ƙirji da tawul. An yi wa Temur aiki, ya fara takawa da sanda. Da abin da ya rage Shorena ta sayo kwano ta sa aka sake wa uwarta rufi. Na tuna ranar da aka fara ruwa bayan nan, Lamzira ta zo kasuwa tana ce min, "Eteri, yau ban tara bokiti ko ɗaya ba." Tana murna tana jin kunyar murnar.

Ɗinkin bai gama warkewa ba Tsisana ta dawo. Wai an sami wasu baƙi masu gaggawa, 'yan biyu suke so, kuma 'yan biyu sun fi tsoka. Shorena ta ce an gaya mata ta huta tukuna. Tsisana ta ce, "Haba 'yata, ni zan kai ki inda za ki cutu? Ni da na riƙe ki a gaban Allah? Likita ya duba, ya ce garas kike. Ki yi wannan ki sayi ɗaki naku, shi ke nan kin huta har abada." Daga baya muka ji a bakin wata da suka zauna gida ɗaya cewa Tsisana ce ta koya mata ta ƙara wa tsohon aikin shekaru in an tambaye ta, likitan kuma bai matsa da tambaya ba.

Cikin bai kai lokacinsa ba tsohon ɗinkin ya ɓalle. An ceto jariran. Shorena jini ya ƙare mata a kan gadon aiki. Kafin a kawo mana gawarta, baƙin sun riga sun fara neman takardun fita da 'ya'yansu. Ba mu san sunansu ba, ba mu ga fuskarsu ba, ko fure ba su aiko ba.

Aka shimfiɗe ta a ɗakin uwarta. Mata suka cika, kowa yana jiran Lamzira ta buɗe murya. Ba ta buɗe ba. Ta zauna a kan kujera gefen kan 'yarta, ido a bushe, hannu a cinya. Sai ga Tsisana da ƙaton fure, tana sheshsheƙa tun daga ƙofa, tana "Wayyo 'yata, wayyo ɗiyata." Lamzira ta bari ta matso, sannan ta ce mata a hankali, amma duk ɗakin ya ji:

"Ajiye furenki ki fita. Kukan da ban yi yau ba, ke na ajiye wa. Zan kawo miki har inda kike."

Bayan an binne ta, Lamzira ta je wajen 'yan sanda. Suka ce doka ba ta hana ba, kuma Shorena babba ce, da hannunta ta sa hannu. Kamfanin ya aiko wa Temur wani abu, ya karɓa, ya ɗauki yarinyar ya koma ƙauyen uwarsa. Ban ga laifinsa sosai ba, gurgu ne da ƙaramar 'ya. Lamzira kuwa ba ta ƙara ambaton sunansa ba.

Ta sa baƙaƙen kaya, ta maƙala hoton Shorena a ƙirji kamar yadda ake yi, sai dai ita ba ta cire ba da lokacin cirewa ya yi. Ta fara da tasha. Duk safiyar da ƙaramar motar Tbilisi za ta tashi, tana can tana duba fuskokin mata. In ta ga yarinya da ƙaramar jaka da ido mai tsoro, sai ta matsa ta nuna mata hoton ta ce, "Ita ma a kujerar nan ta zauna." Wasu sun sauko. Wasu sun kau da kai. Wata kuwa, ina tsaye, ta daka mata tsawa:

"Inna, ki rabu da ni! 'Ya'yana uku, ubansu ya tafi Turkiyya ya manta hanya. In na sauko ke za ki ciyar da su? Ki ba ni aiki in sauko yanzu!"

Lamzira ta saki hoton. Sai ta zaro gurasa daga jaka ta ɗora mata a cinya, ta juya. A hanya ta ce min, "Gaskiya ta faɗa. Ba da su nake ba. Na ɓata lokacina a tasha."

Daga nan ta daina zuwa. Ta koma tanderunta ta yi shiru, har mutane suka ce ta haƙura. Ni da nake gefenta na san ba haƙuri ba ne. Duk wanda ya zo sayen gurasa sai ta ja shi da hira har ta ji abin da Tsisana take ciki: ta ɗora bene a gidanta, ta sayi mota, ɗanta Levan yana neman 'yar wani tsohon alƙali a birnin Kutaisi.

Bikin Levan kuwa an yi shi a babban zauren da ke bakin kogi, ba a taɓa ganin irinsa a garin nan ba. Gasassun 'yan aladu, kifi, giya kamar ruwan famfo. Ni ma an gayyace ni, na je, don cukuna aka saya. Da la'asar shugaban tebur, wato mai jagorantar bikin, ya miƙe da ƙaho cike da giya ya ce yanzu za a sha don tunawa da waɗanda suka riga mu. Kowa ya tashi, makaɗa suka tsaya. A cikin wannan shirun ƙofa ta buɗe, Lamzira ta shigo da baƙaƙen kayanta, gashi a warware. Ta taka har tsakiyar zaure, ta dafa teburin amarya, ta buɗe murya.

"Shorena! Tashi 'yata, tashi ki ga bikin ɗan'uwanki. Tashi ki ga abin da cikinki ya saya. Naman nan naki ne, a ci lafiya. Giyar nan jininki ce, a sha lafiya. Rigar amarya ta yi kyau, Shorena, da fatarki aka ɗinka. Uwar baftismarki tana gaishe ki, ta ce kin huta har abada kamar yadda ta yi miki alkawari. Ki gaya wa ubanki Guram, shi rami ya ci, ke kuma ƙawata ta ci."

Tsisana ta yi ihu, "Ku fitar da ita! Mahaukaciya ce!" Ba namijin da ya motsa. Wa zai sa hannu a jikin uwa tana kukan 'yarta? Lamzira ta ci gaba, ta shiga kiran sunayen sauran: wadda aka cire wa mahaifa, wadda aka hana haƙƙinta don cikin ya zube, wadda mijinta ya sake ta. Iyayen wasunsu suna zaune a wajen, mata suka fara kuka daga wannan tebur zuwa wancan. Uban amarya ya ajiye kofinsa bai sha ba, ya ɗauki hularsa ya fita, danginsa suka bi shi. Da Lamzira ta gama, ta ɗaure gashinta, ta dubi Tsisana ta ce, "Wannan somin taɓi ne," ta fice.

Auren bai mutu ba, amma Levan da matarsa ba su iya zaman garin ba, suka tafi Italiya. Sana'ar Tsisana ma ba ta mutu nan take ba, kada in yi muku ƙarya. Ta koma ƙauyukan nesa, inda yunwa ta fi labari saurin isa. Sai dai a Chiatura ba mai amsa gaisuwarta. In ta shiga coci mata su matsa, a bar ta tsaye ita kaɗai kamar an zana mata da'ira. Tana nan a wannan ƙaton gida, ita da talabijin, har wata rana mai karanta mitar wuta ya hango ta ta taga a kwance a ƙasa. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace.

Levan ya zo a gigice yana neman mai jinya. Matan garinmu da suka iya jinya duk suna Italiya da Girka suna wanke tsofaffin wasu, waɗanda suka rage kuwa kowa ta ce Allah ya sawwaƙe. Hutunsa ya kusa ƙarewa, sai Lamzira ta buga masa ƙofa ta ce ita za ta yi. Yaron ya fashe da kuka ya sumbaci hannunta. Firist ya yi wa'azi a kanta ranar Lahadi, wai ga misalin gafara.

Na tare ta a rumfa na ce, "Ke, kin haukace? Ko kashe ta za ki yi?"

Ta ce, "Kashe ta? Allah ya kiyaye. Ai mutuwa hutu ce, Eteri. So nake ta daɗe."

Ta kuwa daɗe. Ban taɓa ganin jinya irin wannan ba. Lamzira ta ba wata tanderunta haya, ta tare a gidan. Tana juya ta a kan kari don kada bayanta ya yi gyambo, tana yi mata wanka, tana dama mata wake da laushi ta ba ta a cokali. Ba ta taɓa marinta ba, ba ta taɓa barinta da yunwa ba. Amma da kowane cokali akwai Shorena. "Ha, buɗe baki. Wannan miyar take so, kin tuna? Ke kika saya mata takalmin shiga makaranta, ja, kin tuna? A ganinki da jinin yana zuba, wa ta kira, ni ko ke? Haɗiye." Tsisana ta rufe ido, Lamzira ta jira ta buɗe. In ta ƙi cin abinci don ta mutu, Lamzira ta zauna da cokali a hannu, ba gaggawa, har yunwa ta karya ta.

Sannan ta buɗe ƙofar gidan ga matan da suka bi ta hannun Tsisana. Suka riƙa zuwa, ɗaya yau, biyu gobe, har daga ƙauyuka. Su zauna gefen gado, wata ta ɗaga riga ta nuna tabo, wata ta yi zagi, wata ta zauna kawai tana kallonta. Akwai wadda ta zo ta ce ita godiya ta kawo, don da wannan ta sayi ɗaki ta sa 'yarta a jami'a. Lamzira ta bar ta ta gama, ta ba ta shayi, ta raka ta ƙofa. Da ta dawo ta ce wa Tsisana, "Kin ji, ɗaya ta gode. Riƙe ta da kyau, ita ke gare ki."

Sannu a hankali bakin Tsisana ya ɗan saki. Ranar da na kai musu cuku, na ji ta tana kokawa da harshe, kalma ɗaya-ɗaya, idonta a kan Lamzira:

"Ke ma... kin ci. Rufi."

Lamzira ta daskare da kwano a hannu. Na zaci a ranar za ta shaƙe ta. Sai ta ajiye kwanon, ta goge wa Tsisana baki, ta ce min in zauna da ita. Ta hau tudu, ta ɗauko tsani da guduma, mace mai jika, ta hau kan gidanta ta shiga ɓamɓare rufin. Maƙwabta suna roƙonta ta sauko, ko kallonsu ba ta yi ba. Ta sa mai kura ya kwaso kwanon rufin duka ya zube a tsakar gidan Tsisana, daidai tagar da take gani daga gado. Ta shigo hannu duk yanka, ta ce, "Na dawo da nawa. Saura ke ki dawo da naki." Kwanon yana nan ya yi tsatsa a wurin, in ana ruwa ƙararsa ta cika ɗakin.

Tsisana ta shekara uku a haka, sanyin hunturu ne ya kama mata ƙirji ta tafi. Lamzira ta kira likita har sau biyu, ta sayo allura da kuɗinta, ta yi duk abin da za a yi. Da ta tabbata Tsisana ta cika, ta fito ta zauna a bakin ƙofa, ranta a ɓace kamar wadda aka yi wa ƙwace. Na ce, "To, yanzu zuciyarki ta yi sanyi?" Ta ce, "Ta gudu ne kawai."

Ta koma gidanta, ta rufa shi da leda da tsofaffin katakai, ta karɓi tanderunta. Baya ya fara lanƙwashewa, sunkuyon ma sai da dabara. Ban ƙara jin ta ambaci Tsisana ba.

Kwanan baya wata mai sayen gurasa take cewa 'yar ƙanwarta ta tafi Tbilisi cikin haya, wai yanzu ba dillaliya mai zuwa gida, wata ce take samo su ta waya, tana turo musu hotunan mata suna murmushi da makullin gida a hannu. Lamzira ta ɗago daga tanderu ta goge hannu a zani.

"Ita mai wayar, 'yar gidan wa ce?"

"Oho, Inna Lamzira. Ba wanda ya san ta. A waya take."

"Ba mai kwana a waya. Tana da uwa, tana da ƙofa. Kira min ƙanwar taki."

Matar ta fara kame-kame, wai ba ta son fitina. Lamzira ta ƙara mata gurasa biyu a jaka, ta riƙe bakin jakar ba ta saki ba har sai da ta danna lambar. A ranar tun kafin azahar ta kashe wuta, ta ce in kula mata da rumfa, ta yafa baƙin mayafinta ta nufi unguwar da ƙanwar take.